Saura Kaɗan

Litinin, da hantsi

Yaya ya zo jiya ya yanke magana. Asabar ɗin ƙarshen wata zai zo da mota ya ɗauki ƙaninsa, wato mijina, ya kai shi gidansa da zama. Ya ce can akwai hannuwa da yawa, ni kuwa ina fita aiki kantin magani, kuma kowa ya ga abin da fita aiki ta jawo. Na ce ai ƙanwata tana zama da shi har in taso, ya yi kamar bai ji ba. Labule yake kallo duk tsawon maganar, bai dube ni ba. Ni dai ba zan yi maganar Alhamis ɗin da ɓarin jikinsa ya shanye ba, ko a littafin nan.

Na ce to sai a tambayi mai jikin. Yaya ya ce a tambaye shi da me? Maigidan yana kujerarsa ta bakin taga, hannunsa na dama a kan cinya inda na ajiye masa shi tun safe, yana bin mu da ido. Yana jin komai, don na ga jijiyar goshinsa ta tashi irin yadda take yi in aka canza masa tashar rediyo. Amma tun da muka dawo daga asibiti kalma ko ɗaya ba ta fito ba. Gyaɗa kai kuma Yaya ya ce ba shaida ba ce, marar lafiya kowa yake gyaɗa wa kai. Na taɓa ba shi biro a hannun hagu, abin da ya fito ko tafiyar tsutsa ta fi shi kyau. Yaya ya duba ya ce wa ya sani ko riƙe masa hannu aka yi.

Ban gaya wa Yaya ba, amma akwai abin da na taka. Malamar da ke koya wa marasa lafiya magana a asibiti ta ba ni wata manhaja a filashi, ɗan abin nan da ake cusawa a gefen kwamfuta. Tana baje manyan haruffa a fuskar kwamfuta, haske yana bin su ɗaya bayan ɗaya, in ya iso kan wanda mutum yake so sai ya doki dogon maɓallin nan na ƙasa. In magana ta haɗu, kwamfutar ta faɗe ta da murya. Malamar ta ce kansa lafiya lau yake, baki ne kawai ya ƙi. In ya faɗi inda yake so ya zauna a gaban Yaya, ni ina can gefe hannuwana a fili, magana ta ƙare.

Talata, bayan la'asar

Na tono kwamfutarsa daga ƙarƙashin jaridu, na goge ta, na sa filashi. Wani koren layi ya fara tafiya daga hagu zuwa dama, ya yi rabi, ya wuce, har ina cewa ashe abin ba wuya. Yana dab da ƙarewa na ji sallamar Yaya a bakin ƙofa, ya kawo lemo. Na rufe murfin da ƙarfi, na fizge filashin na cusa a aljihu, na mayar da jaridu kamar ɓarauniya a cikin gidana.

Da ya tafi na buɗe. Ga hoton manhajar nan a fuska, wani ɗan baki mai murmushi, amma in na danna sai ya yi kamar zai buɗe ya fasa. Na sake sa filashi, kwamfutar ta ce ba za ta karɓa ba, wai akwai wadda aka fara sawa ba a gama ba. Ba ta shiga ba, ba ta fita ba, ta tsaya a bakin ƙofa ta hana kowa wucewa.

Abin da ya fi ba ni haushi, maigidan yana kallo, kuma na rantse dariya yake yi da ɓarin bakinsa mai motsi. Yana da dalili. Tun yana aiki a hukumar ruwa abokansa suke kiransa Saura Kaɗan, don duk aikin da aka tambaye shi amsarsa ke nan. Bangon falon nan ya yi masa fenti shuɗi har zuwa kan taga, daga nan zuwa sama yana nan fari tun autarmu tana firamare, yanzu ga ta da goyo a wani gari. Kantar kicin ƙusa uku ke riƙe da ita, ta huɗun tana cikin kofi a samanta. Shayi kuwa bai taɓa ganin ƙasan kofinsa ba, ni nake shanyewa. Shekara da shekaru ina yi masa gori, yau ga ni na bar abu saura kaɗan. Zama da maɗaukin kanwa.

Laraba, da safe

Na ja ɗan bakin nan na jefa shi kwandon sharar kwamfutar, na zubar da kwandon. Ya ɓace! Na yi wa kaina kirari har maigida ya juyo. Bari in tafi aiki, da yamma sai sawa.

Laraba, da yamma

Bai ɓace ba. Hoton kawai na jefar, ita tana nan ciki tana cewa ba a gama ta ba.

Juma'a, bayan azahar

Na kai ta wurin mai gyara na kusa da kantinmu. Bai ko zauna ba, ya danna nan ya danna can, ya ce a share komai a fara daga farko, aikin awa ɗaya ne. Na ce hotunan ciki fa? Ya ce sai a kwashe waɗanda aka gani. Na ce waɗanda ba a gani ba fa? Mutumin da ke ajiye katin asibiti a cikin littafin girki, Allah kaɗai ya san inda ya cusa abubuwansa a kwamfuta. Kuma dai raina bai so ba. An riga an ɗauke masa abubuwa da yawa a watan nan ba tare da an tambaye shi ba. Na naɗe abata na dawo.

Wayata yanzu tana aljihuna ko ina bakin aiki, a kunne, ƙararta har ƙarshe. Doka ita ce a bar ta a loka, inda ma'aikata ke ajiye kayansu. Shugabar kanti ta gani ta kau da kai.

Lahadi, da hantsi

Auta ta kira, jaririn yana ta tsala ihu a bayanta. Na yi niyyar ɓoye mata, bakina ya riga ni. Ta yi dariya ta ce, "Umma, ai allon suna kawai kika cire wa shago, mai shagon yana ciki. Ki shiga saiti." Ta sa na danna alamar da ke ƙasa a kusurwa, na nemo hoton wani ɗan ƙarfe mai haƙora irin na cikin agogo, saitin ke nan. A ciki akwai wurin manhajoji, inda kwamfuta ke jera duk abin da aka taɓa sa mata, wanda ya shiga da wanda ya maƙale. Ta ce in nemi tawa, in danna gefenta, zan ga inda aka ce a cire. In na danna kuma in zauna in jira har ta ce ta gama, kada in taɓa komai.

Na samu tawa, na cire, ta fita salin alin. Sai dai da na sake sa filashi kwamfutar ta kuma ƙi, wai har yanzu akwai wani aikin sawa da ke jiran a ƙarasa shi. Na koma saiti na duba da kyau. Innalillahi, gidan nan ne kaf a cikin kwamfuta. Ga manhajar koyon Faransanci da ba ta buɗewa. Ga ta zanen gini, ta benen da zai ɗora mana. Ga ta kiwon kifi, kifin da har yau ba mu ga ko ƙayarsa ba. Wasu ko girmansu ba a rubuta ba, suna ne kawai a tsaye. Na san yadda aka yi kamar ina wurin: koren layi ya kusa ƙarshe, sai ya ce ai ya shiga, ya rufe ya tafi kallon ƙwallo.

Auta ta ce daga can ba za ta iya sanin wacce ce ke tare hanya ba. Ta ce, "Ki kwashe su duka, Umma, ba abin da suke tsinanawa." Na ce mata ba nawa ba ne.

Litinin, bayan la'asar

Na jawo tebur gaban kujerarsa, na juya masa fuskar kwamfutar. Muka yi yarjejeniya: in na karanta suna, ya doki tebur sau ɗaya a cire, sau biyu a bari. Faransanci, ɗaya. Na ce madalla, dama gaisuwa kaɗai ka iya, ita ma ta safe. Kiwon kifi, ɗaya, da sauri kamar wanda aka sauke wa kaya. Da na zo kan zanen bene ya daɗe yana kallo, ni kuma na mayar da idona taga. Can sai na ji ɗaya.

Kowacce in an danna cire sai ta tambaya ko an tabbata, sai koren layi, sai jira. Shi da ba ya iya jiran ruwa ya tafasa, yau shi ne ya zura wa layin ido har ya kai ƙarshe, in na kai hannu da wuri ya harare ni. Mun kwashe da dama. Ban ji daɗi irin na yau ba tun kafin abin nan. Na so a ce Yaya yana nan ya ga mutum yana zaɓa da kansa, amma na san zai ce dukan tebur ba shaida ba ce.

Laraba, da rana

Bai ci abinci ba. Ban taɓa kwamfuta ba.

Alhamis, da safe

Na ɗauki hutun yau. Ba komai, haka kawai.

Juma'a, da yamma

Ya warware, har ya ci rabin faranti, wanda a wurinsa cinyewa ke nan. Muka koma saiti. Saura guda mai taurin kai, manhajar kallon taurari, wadda ke nuna sunan kowane tauraro da inda zai fito. In na danna cire sai ta ce ba ta ga wasu kayanta ba, ba za ta iya fita ba. A jikina na ji ita ce ke tare hanya. Na kira Auta, ta ce irin wannan sai an gyara ta tukuna. Kusa da cire akwai gyara, in danna shi, ta ɗauko abin da ya rage mata daga intanet ta cika, sannan za ta yarda ta fita. Na ce wato ita ma sai an gama ta za a rabu da ita, Auta ta ce haka suke.

Na danna gyara. Layin ya yi ta rarrafe, ya kai dab da ƙarshe ya tsaya cik. Ƙanwata ta leƙo ta ce ya mutu, in kashe in kunna. Hannuna har ya tafi, sai maigida ya ɗora hagunsa a kan wuyan hannuna ya danne. Ban san yana da sauran ƙarfi haka ba. Muka zauna a haka, shayi ya huce, motar shara ta zo ta wuce, sannan layin ya motsa ya cika.

Na ce to yanzu sai cirewa. Ya doki tebur sau biyu, har cokali ya faɗi ƙasa. Na buɗe masa ita, sama ta cika fuskar kwamfutar alhali rana ba ta faɗi ba, taurari da sunayensu. Sai na tuna shekarar da ya yi mini alkawarin nuna mini wani tauraro daga saman benen nan da ba a gina ba. Na bar masa abarsa.

Asabar, da hantsi

Ta shiga! Na kulle ƙofar gida, na sa filashi, na zauna a kan hannuwana, a zahiri nake nufi, har layin ya kai ƙarshe ta ce an gama. Ni ɗin nan da Auta ke cewa ban san bambancin caja da wayar dutsen guga ba. Mai gyara da awarsa ɗaya, a gaishe shi.

Haruffa suka baje, haske ya fara bi. Ya doki maɓalli, ya kuskure, ya sake. Na tsaya a kansa ina tunanin me zai fara ce mini bayan duk wannan shirun. Kwamfutar ta buɗe baki da muryar wata 'yar yarinya siririya mai ladabi, ta ce, "Sukari."

Na yi dariya har na zauna a ƙasa, daga nan dariyar ta juye ta zama wani abu, ƙanwata ta ja ni kicin. Na ƙara masa rabin cokali a shayi, likita ya yi haƙuri.

Talata, bayan la'asar

Mun yi faɗa, na farko tun dawowarmu, kuma wallahi na ji daɗinsa. Abin yana da jinkiri, kowane harafi sai haske ya zagayo kansa. Ni kuwa tun aurenmu na saba ƙarasa masa zance. Ya fara rubuta ruwa, kafin ya kai rabi na miƙe na kawo. Ya fara taga, na riga na buɗe. Yau ya fara wata kalma, na ce bargo, na ce bayi, na ce barci, sai ya ture kwamfutar har ta kusa faɗuwa. Da ya huce ya ƙarasa, yarinyar ta ce mini cikin ladabi, "Bar ni in gama."

Wai Saura Kaɗan ne ke cewa a bar shi ya gama. Na kira malamar asibiti na ba ta labari, ta ce shi ke da gaskiya, in koyi zama a kan hannuwana da bakina duka.

Alhamis, da yamma

Yaya ya kira ya ce a haɗa kaya, har da magunguna. Na ce to.

Abin da ban rubuta ba shi ne, ban tambaye shi ba. Duk kwanakin nan yana magana, ya nemi rediyo, ya tambayi jikansa, ya ce ƙanwata tana cika gishiri, amma ban ce masa ina kake so ka zauna ba, shi ma bai taɓo zancen ba. Tsoro nake ji. Gidan Yaya babba ne, akwai 'ya'ya maza da za su ɗaga shi ba tare da nishi ba, kuma a can babu wadda take wurin aiki a ranar da abin ya same shi. Na sha duk wannan wahala don ya faɗi abin da yake so. To in tafiyar yake so fa? Na haɗa jakar, na ajiye ta bayan ƙofa inda ba zai gani ba.

Asabar, da yamma

Yaya ya zo da hantsi, da babban ɗansa da mota. Na kawo shayi, na jawo tebur gaban maigida, na buɗe kwamfuta, na koma can bakin ƙofar kicin na tsaya riƙe da tire inda kowa zai ga hannuwana. Na ce, "Yaya, ka ce a tambaye shi da me. Ga shi, ka tambaye shi da kanka."

Yaya ya dubi kwamfutar ya taɓe baki. Ya matso kusa da ƙaninsa, ya ɗaga murya yadda yake yi masa tun rashin lafiyar kamar yana magana da kurma, ya tambaye shi ko zai bi shi gida. Haske ya fara zagaye. Ɗan Yaya yana leƙawa yana karantawa a fili, har kalmar farko ta haɗu: "Zan."

"Zan bi ka, to kun ji," in ji Yaya, ya fara laluben makullin mota.

Ban taɓa katse Yaya ba tun da na shigo danginsu. Na ce, "Yaya, a bar shi ya gama."

Aka jira. Gumi ya keto wa maigida, hasken ya wuce harafinsa, ya haƙura ya jira ya zagayo. Ni ina ta kallon jakar da ke bayan ƙofa. Sai 'yar muryar nan ta ce, "Zan zauna gidana. Ban gama bango ba."

Ɗan Yaya ya ɗaga kai ya dubi inda shuɗi ya tsaya, ya toshe baki. Yaya bai yi dariya ba. Ya ce, a hankali yanzu, shi tsoronsa kada a sake samun ƙaninsa kwance shi kaɗai, uwa ɗaya uba ɗaya suke kuma su biyu suka rage. Sai a lokacin na ga idonsa ya yi ja, na ji tausayinsa, abin da ban shirya masa ba. Ya yunƙura zai tashi, maigida ya doki tebur sau biyu. Yaya bai san yarenmu ba, na ce masa, "Cewa ya yi a bari, da saura."

Wannan ta fi daɗewa. Ba wanda ya motsa, ba wanda ya ƙarasa masa ko harafi, har ni. Yarinyar ta ce, "Alhamis ni na ce ta tafi aiki. Na ce na ji sauƙi. Ka bar ta."

Yaya ya daɗe yana kallon ƙaninsa. Sannan ya juyo ya dube ni, ni ɗin, ba labule ba, ya ce, "Sannu da ƙoƙari." A bakin Yaya wannan huɗuba ce guda. Ya shanye shayinsa da ya riga ya huce, ya tambaya ko ana iya canza muryar nan ta koma ta namiji, don shi bai saba yarinya ta yi masa faɗa ba. Maigida ya doki tebur sau biyu.

Motar ta koma da mutum biyun da ta kawo. Na kwance jakar, na mayar da komai inda yake. Na ce ba zan yi maganar Alhamis ba, kuma ban yi ba. Shi ya yi ta, har ƙarshe.

Lahadi, da safe

Na sayo gwangwanin fenti shuɗi da burushi mai dogon mariƙi, na ajiye su gefen hagunsa. Ba zan taɓa ba.